Kafin ka gina manhaja, je ka zauna da mai amfani da ita

Jama'a, akwai abin da na gani a makon jiya da ya tsaya min a rai. Ɗan yayata yana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin kimiyyar kwamfuta. Aikin kammala karatunsa manhaja ce da za ta riƙa nuna wa manomi farashin hatsi a kasuwar Dawanau kafin ya ɗauko kayansa daga ƙauye. Wallahi tunani mai kyau. Ya kawo min ita yana ta murna: "Kawu, duba ka gani."

Na ce masa ni ba manomi ba ne, mu je wurin wani dattijo maƙwabcinmu da ke noman gero. Muka miƙa masa wayar. Shafin farko ya nemi adireshin imel, shi kuwa bai taɓa buɗewa ba. Da muka tsallake masa wannan, sai ga farashi da kilo. Dattijon ya ɗago kai ya ce, "Yaro, mu da buhu da tiya muka sani." Daga ƙarshe ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai ya ce ita kaɗai gare shi. Aikin wata biyar kenan, minti goma ya tona asirinsa.

Ban ga laifin yaron ba. An koya masa rubuta manhaja, amma ba a koya masa zama da mutane ya ga yadda suke rayuwa ba. Mu ma a ofis kullum muna ganin irin wannan: a kawo sabon tsari na intanet, tsofaffi su cika layi suna neman wanda zai cike musu fom.

Ku dubi M-Pesa ta Kenya. Da aka fara gwada ta, don biyan ƙananan basussuka aka yi ta. Sai masu aikin suka lura mutane na amfani da ita wajen tura wa 'yan uwa kuɗi. Suka bi abin da suka gani, aka ƙaddamar da ita a 2007 a kan ƙananan wayoyi, ta karɓu. Da sun dage kan ra'ayinsu fa?

Kuma abin ba ya cin kuɗi. Wani masani, Jakob Nielsen, ya daɗe yana cewa mutum biyar sun isa su nuna maka mafi yawan matsalolin da ke cikin tsarinka. Ka zana shafukan a takarda, ka ba mutum, ka ce ya nemo farashin gero. Sannan ka yi shiru ka zuba ido. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, nan gyara yake. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, don kunya za ta sa ya ce maka "madalla".

Roƙona ga malaman jami'a shi ne a ware maki na musamman ga wannan. Kada ɗalibi ya kare aikinsa sai ya faɗi su wa ya zauna da su, me ya gani, kuma me ya canza. Waɗannan yaran ne gobe za su gina mana tsarin albashi, na fansho da na asibiti.

Yaron dai ya koma ya sa buhu da tiya, ya cire imel, yanzu yana gwada aika farashin ta saƙon tes. Allah ya ba shi sa'a.

Ku fa, wace manhaja ce ta taɓa sa ku cire rai?