Allurar Sinawa da Ciwon Ƙugu

Ciwon ƙugu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ba baƙo ba ne ga ɗalibin da ke kwana kan bencin ɗakin karatu, balle ma'aikacin da ke yini bayan tebur. Daga cikin magungunan da ake tallata wa irin waɗannan bayin Allah akwai allurar Sinawa, wato a soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki don a rage zafi. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yin ta. To, amma tsufan magani ba shi ne shaidar ingancinsa ba.

A 2007 likitocin Jamus suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa majinyata 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. An kasa su uku. Bayan wata 6, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar bisa ƙa'idar Sinawa sun sami sauƙi, alhali masu shan ƙwayoyi da motsa jiki kashi 27 ne kurum. Abin mamakin yana wajen rukuni na uku. Su an ɗan tsikare su ne sama-sama, a wuraren da ba sa cikin taswirar Sinawa, amma kashi 44 suka ji dama.

Ke nan allurar tana taimako, sai dai ba lalle don gurbin da aka soka ba. Wataƙila tsikarin kansa ne, wataƙila kulawar mai magani da sa ran da majinyaci ya yi. Wanda wanzami ya taɓa yi wa ƙaho ya san daɗin a zauna a kula da mutum. Shi ya sa hukumomi suka saɓa: ta Ingila ta janye goyon bayanta a 2016, ƙungiyar likitocin Amurka kuwa ta sa allurar cikin abubuwan da za a gwada a 2017.

Mu a ganinmu, wanda ya gaji da haɗiyar ƙwayoyin da ke cin ciki yana iya gwadawa, amma bayan likita ya duba shi. Ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ba na allura ba ne, na asibiti ne nan take. Kuma kada a yarda da allurar da ba a buɗe ta sabuwa a gaban ido ba, domin ciwon hanta yana bin tsinin da aka maimaita.