Ɗan Acaɓan Yammedi Ya San Hanya, Saura a Ba Shi Baƙi

Duk wanda ya taɓa hawa bayan babur a ƙasar Karaye cikin watan Agusta ya san inda hira ke yankewa. A bakin rafi ne. Ɗan acaɓa zai rage wuta, ya sauke ƙafa ɗaya, ya tsura wa ruwa ido kamar almajiri da allonsa. Launin ruwan yake dubawa, da gudunsa, da sawun tayar wanda ya riga shi wucewa. In ya ga yashi ne a ƙasa, sai ya ce wa fasinja ya ɗaga ƙafa ya riƙe da kyau, ya sa giya ɗaya ya kutsa. In kuwa laka ce, kowa ya sauka. A naɗe wando, a riƙe takalma a hannu, samarin da ke jira a gaɓa su ɗauki babur cak su tsallakar da shi, a ba su na goro. Can an jima tafiya ta ci gaba, buhun taki a kan tanki, kaji biyu a ɗaure a kariya suna kuka.

Wannan ilimi ne, ko da yake babu makarantar da ke bayar da shaidarsa. Matashin da ke jigila tsakanin Yammedi da Karaye, ko tsakanin Rogo da Zarewa da Fulatan, ya san kwalbatin da ruwa ya cinye, ya san gidan mai faci a kowane ƙauye, ya san ranar kowace kasuwa, ya san dagacin da ba a wuce ƙofar gidansa sai an tsaya an ce ranka ya daɗe. A nan gida, ladan wannan sani bai wuce kuɗin fasinja ba. A wasu ƙasashe kuwa da irinsa ake gina gida.

A arewacin Biyetnam, dab da iyakar Sin, akwai yankin tsaunuka mai suna Ha Giang, wanda ya daɗe cikin yankunan da suka fi talauci a ƙasar. Babbar hanyar da ta ratsa shi da hannu aka sassaƙe ta cikin duwatsu, daga 1959 zuwa 1965. A 2010 aka shigar da tsaunukan Dong Van cikin jerin wuraren da hukumar UNESCO ke daraja su saboda yanayin duwatsunsu, kuma cikin shekarun da suka biyo baya hanyar ta zama zagayen da matafiya daga ko'ina a duniya ke yi a kan babur: kimanin kilomita 350, cikin kwana uku ko huɗu. Da yawa daga cikin baƙin ba su iya tuƙi a irin wannan hanya ba, saboda haka goyo ake yi musu. Ɗan yankin ne ke tuƙi, shi ne jagora, shi ne tafinta, shi ke kai baƙo gidan da zai kwana a ƙauye, inda matar gida za ta dafa abinci a biya ta. A Tailan ma akwai zagayen Mae Hong Son, mai tsawon kusan kilomita 600, wanda masu shi ke alfahari da kwanoninsa 1,864, har suna buga adadin a jikin riguna suna sayarwa.

Babur ɗin da ke wannan aiki a can ƙarami ne, bai fi Boxer ɗin da ke tashar Karaye ƙarfi ba.

Mai musu zai ce Karaye da Rogo ba ƙasar tsaunuka ba ce, kuma ya yi gaskiya. Manyan duwatsun Jihar Kano suna can kudu, a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka yi ta haƙar kuza tun zamanin Turawa. Yammacin Kano tudu da gangare ne, da fadamu, da duwatsu jefi-jefi. Sai dai wanda ya baro gari ya hau bayan babur, ba tsawon dutse kaɗai ya zo aunawa ba. Yana son ya ga yadda mutane ke rayuwa a inda mota ba ta zuwa, kuma ta wannan fuska yankin yana da abin nunawa.

Ga madatsar ruwa ta Challawa, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992. Tsawon bangonta ya kusa kilomita takwas, kuma tana iya riƙe ruwan da ya haura mita cubic miliyan 900. Da asuba a bakinta, masunta na dawowa da kwale-kwale, mata masu suya sun riga sun hura wuta, dillalai na taya kifi tun bai bar cikin jirgi ba. Ga dam ɗin Kusalla. Ga garin Karaye kansa, tsohon gari da sunansa ya fito a tarihin sarakunan Kano tun zamanin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, wanda aka ɗaga zuwa masarauta a 2019, aka rushe a watan Mayun 2024, sannan aka dawo da shi a watan Yuli a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Karaye da Rogo. Ga fadamun da suka miƙa har iyakar Kaduna da Katsina, ƙasar rake da tumatir da barkono. Yara nawa ne a unguwannin birnin Kano irin su Hotoro ko Tarauni suka taɓa ganin yadda ake matse rake a dafa ruwansa har ya daskare ya zama mazarƙwaila? Suna sha, amma ba su san uwar da ta haife ta ba.

Baƙin ma ba sai an jira su daga Turai ba. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano a Kusalla yake, cikin ƙasar Karaye. Sau da yawa a shekara ana kawo samari da 'yan mata daga Inugu da Ibadan da Fatakwal, su yi mako uku a bayan katanga, su fita ba su ga komai na ƙasar da ta sauke su ba sai titin da ya kawo su. Waɗanda aka tura aiki cikin jihar suna da shekara guda a gaba, da ranakun Asabar da ba su san yadda za su yi da su ba. Akwai ɗaliban Jami'ar Bayero masu karatun ƙasa da noma da tarihi. Akwai masu zuwa kallon hawan Sallah, wanda UNESCO ta shigar cikin al'adun duniya a watan Disambar 2024, waɗanda ke gama kallon Hawan Nassarawa su rasa inda za su nufa. Akwai kuma 'yan asalin yankin da ke zaune a Abuja da Legas, waɗanda 'ya'yansu suka san sunan ƙauyen kakansu amma ba su taɓa kwana a cikinsa ba.

To, sai babbar magana, wadda duk wanda ya tsallake ta yaudarar kansa yake yi: tsaro.

A Arewa babur ya yi baƙin jini, kuma da dalili. Ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a ƙwaryar birni, Adaidaita Sahu ta gaje fagen. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka, domin a kan babura 'yan bindiga ke shiga ƙauyuka. A Nijar an yi irin wannan hani a Diffa tun 2015. Rogo tana iyaka da jihohi biyu daga cikin waɗannan. A ƙauyukan iyaka, ƙarar babura da yawa cikin dare kan sa uwa ta rungume ɗanta tun kafin ta san ko su wane ne. Babu mai hankalin da zai ce a kwashi baƙi a shiga da su kowane lungu a kowane lokaci.

Amma wake ɗaya ne ya ɓata gari, aka yi wa sauran kuɗin goro. Babur ɗin da ɗan bindiga ke hawa, irinsa ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai malamin firamare makarantar da ke bayan rafi, shi ke kai masu rigakafi da akwatin sanyinsu rugar da ba ta cikin taswira. Duk lokacin da aka yi hani na bai-ɗaya, ɗan bindiga da ke daji bai fasa hawa nasa ba. Manomi ne ke komawa tafiyar ƙafa.

Maganin wannan shi ne a san wanda ke kan babur, kuma an ga inda aka yi hakan. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa na sanye da riga mai lamba, yana cikin ƙungiya mai rajista, yana ɗauke da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Abin da wannan tsari ke bukata akwai shi a ƙasar Karaye tun kafin a ƙera babur: mai unguwa ya san kowane gida, dagaci ya san kowane mai unguwa, hakimi ya san dagatansa. Matashin da mai unguwarsa ya tsaya masa, ƙungiyarsa ta ba shi lamba, ofishin 'yan sanda ya ajiye hotonsa, ya fita daga sahun waɗanda ake zargi. Har ma ya zama ido, domin babu wanda ke riga ɗan acaɓa ganin baƙuwar fuska a hanya.

Saboda haka abin da ya kamata a fara da shi ƙarami ne. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da majalisar masarauta, da hukumar yawon buɗe ido ta jiha, su zauna da shugabannin 'yan acaɓa su fitar da zagaye guda na yini ɗaya: daga garin Karaye zuwa bakin dam, a ratsa ta ƙauyuka irin su Yammedi da Turawa, a ci abincin rana a gidan da aka shirya da shi, a dawo kafin la'asar sakaliya. A zaɓi lokacin kaka da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rafuka suka janye, rumbuna suka cika, zafi bai sauko ba. Jami'an tsaro su ne za su ce ga hanyar da za a bi, ga wadda za a bari, kuma ranar da suka ce a dakata, a dakata. Hukumar kiyaye haɗurra ta horar da matuƙan, kowanne da fasinja ɗaya tak, kowane kai da hular kwano. Wannan sharaɗi na ƙarshe zai yi wuya a ƙasar da ake ɗora mutum uku da akuya a babur guda, amma haɗari ɗaya ya isa ya kashe sana'ar tun tana jaririya.

Akwai kuma ladabin shiga gari. Ƙauye ba gidan zoo ba ne. Baƙo zai fara da gaida mai gari, ba zai leƙa cikin gida ba sai an yi masa iso, ba zai ɗauki hoton matar aure ko yarinya mai talla ba sai da yardarta da ta masu ita. Mata baƙi kuwa a haɗa su da matan gari su shiga da su ciki, inda ake dakan fura da tuyar ƙuli-ƙuli, inda kuma kuɗin baƙo zai faɗa hannun da ya fi bukatarsa. Ɗan jagora na gari shi ne zai tsare wannan iyaka, domin shi ne zai ci gaba da zama da mutanen bayan baƙo ya tafi.

Ribar ba ta tsaya a aljihun matuƙi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, fasinjan ƙauye ya rage tafiya, ɗan acaɓa na yini a gindin bishiya yana jiran mutum biyu. Baƙon da zai ɗauke shi yini guda cur ya biya shi a dunƙule ya fi masa wannan zaman. Mai shayi zai samu, mai tsire zai samu, bakanike da mai faci za su samu. Kuma hanyar da baƙi ke bi tana samun masu magana a kanta. Jihar Kano na cikin shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Kwalbatin da aka gyara domin mai yawon buɗe ido, shi ne dai tumatir zai bi ya isa kasuwa bai ruɓe ba.

Kano ta taɓa yin irin wannan tunani. Zamanin Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga, aka kafa wuraren shaƙatawa a Bagauda da Tiga domin mutanen birni su fita su sha iska. Waccan dabara ta dogara ne da manyan gine-gine, waɗanda kula da su ya zo ya gagari gwamnatoci. Wannan kuwa ba ta bukatar otal ko kwangilar biliyoyi. Baburan suna nan, matuƙan suna nan, dam ɗin Challawa yana nan fiye da shekara talatin.

Kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da majalisar Sarkin Karaye shi ne su kira taron farko kafin kakar bana ta wuce, su yi wa matuƙa ashirin rajista, su saya musu hulunan kwano arba'in, sannan su gayyaci masu yi wa ƙasa hidima da ke aiki a yankin su zama baƙin farko.