Kafin Ka Kai Jarumarka Dubai, Ka San Ruwan Garinku?

 Makon nan da ƙorafi muka zo. Cikin labaran da ake ɗorawa a zauren nan, jaruma ta sha iska a bakin tekun Dubai, jarumi ya yi yawo a gaɓar kogin Landan, amma da wuya ka ga wanda ya taka kwale-kwale a Kogin Kaduna. Mu a ganinmu, marubucin da bai san inda ruwan garinsu ya fito da inda ya nufa ba, bai gama sanin mutanen da yake rubutu a kansu ba.

Mu ɗauki Rido, a ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabciyar matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Ruwan da matatar ke fitarwa rafin Romi yake bi, Romi kuma Kogin Kaduna yake faɗawa. Shi kogin daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa birni, ya kwashi abin da magudanan Kakuri da Makera suka zubo masa, ya cika madatsar Shiroro mai ba da wutar lantarki tun 1990, sannan ya haɗu da Neja daura da Pategi. Ke nan ledar da aka jefa a kwata a Sabon Tasha, da takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gona, duk hanyarsu ɗaya. Mai lambu a ƙasa shi ke ban ruwa da abin da na sama ya zubar. Da rani ruwa ya ja baya, dattin ya ƙara kauri. A 2012 mutanen Rido sun yi zargin an jibge musu shara mai guba, magana ta kai jaridu. Ina gajeren labarin da ya fito daga nan?

Wani zai ce wannan aikin masana kimiyya ne. A'a. Masani zai auna ruwa ya rubuta rahoton da mutum goma za su karanta. Amma uwar da ke tunanin ko ta ba yaro ruwan rijiya ko ta sayi na leda, alƙalaminmu take jira.

Kuma kogi ba ya karantuwa daga kan gada. Sai ka zauna a cikin jirgi, mai fito ya koya maka riƙon filafili, ya nuna maka yadda ake zama a tsakiya kada jirgi ya karkata, da yadda fuskar ruwa ke tona dutsen da ke ƙasa. Masunci zai gaya maka kifin da ya daina shiga komarsa, da watan da ruwa ke sauya wari. Wannan ilimin ba ya intanet. Sai dai kada a shiga ba rigar kariya, kada a shiga lokacin cikar kogi. Haɗarin jirgin Bagwai na 2021 ya ishe mu darasi.

Ga aikin makon nan: kowa ya nemi rafi ko kwatar unguwarsu, ya bi ta da ƙafa, ya tambayi dattawa sunanta da inda take zuba. Ya rubuto mana shafi ɗaya a nan ƙasa kafin Juma'a. Wanda ya samu mai fito, ya gaishe shi, ya biya shi haƙƙinsa, ya saurara.