Asirin manomi a fili, na Babban Banki a kulle

Nan Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo, ranar 17 ga Nuwamban 2015, ya ƙaddamar da bashin noma na Anchor Borrowers. Da fadamarmu aka buɗe shirin kafin a kai shi wasu jihohi. Kuɗin da Babban Bankin Najeriya ya fitar da sunan shirin sun haura naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kaɗai aka biya. Babban Banki ya musanta, ya ce kashi 52 ne. Ratar da ke tsakanin maganganun nan biyu ɗaruruwan biliyoyin naira ce, amma har yau ba a shimfiɗa wa jama'a cikakken lissafin da mutumin Argungu ko Augie ko Suru zai duba ya ga wa ya karɓi nawa, ta hannun wane banki, wa ya biya, wa ya haɗiye ba.

Wanda ya ɗauki baƙin jinin shi ne manomi. An yi ta yayatawa cewa manoman shinkafa sun ci bashi sun ƙi biya, sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Akwai waɗanda suka yi haka, ban musa ba. Amma mafi yawan abin da ƙaramin manomi ya gani kaya ne: taki, iri, maganin feshi, injin ban ruwa. Ba shi ya sa wa kayan farashi ba, ba shi ya zaɓi ɗan kwangilar da ya kawo su ba. Ambaliyar 2020 ta zo ta shafe gonaki a kwarin Rima, bashi kuwa yana nan a wuyansa. Kuma babu wanda ke zaune a Nasarawa ko wata unguwa ta garin nan da bai ji zancen waɗanda ba su taɓa shiga laka ba amma sunansu ya shiga jerin manoma. Gaskiya ne ko ƙarya, takardun da za su raba gardamar suna hannun masu cewa sirri ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne sirrin nan gefe ɗaya yake karewa. Talaka ba shi da shi. An ɗauki hoton yatsunsa da fuskarsa, an ba shi lambar BVN, an ɗaure ta da lambar zama ɗan ƙasa. Tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin wanda ya kasa biyan bashi su kwashe kuɗi daga duk asusun da yake da shi a wani bankin. Shi ko'ina ana ganinsa. Amma idan ya ɗaga kai ya tambayi abin da masu sa ido suka gano a cikin bankin da ke riƙe da kuɗinsa, sai a ce doka ta hana.

A watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Jim Obazee ya binciki Babban Banki, bayan an dakatar da gwamnansa Godwin Emefiele. A watan Disamba ya miƙa rahoto. Gwamnati ba ta wallafa shi ba. Guntayensa ne suka ɓulla a jaridu, kowa ya tsinci wanda ya dace da ɓangarensa. A Janairun 2024 aka rushe hukumomin gudanarwar bankunan Union da Keystone da Polaris da 'yar gajeriyar sanarwa. Da kuɗin jama'a aka yi binciken, a kan kuɗin jama'a aka yi shi, jama'ar kuwa an bar su da jita-jita. Shi kansa Babban Bankin da ke tilasta wa kowane banki buga lissafinsa duk shekara, sai a watan Agustan 2023 ya fitar da nasa na 2016 zuwa 2022 a lokaci guda. Shekara bakwai ke nan, kuma su ne shekarun da ake rabon bashin noma.

Haka maganar lasisi. A watan Mayun 2023 aka soke lasisin ƙananan bankuna 179. Irin waɗannan bankuna su ne na mai saƙa da mai sayar da kifi da malamin firamare da mata masu adashi. A lokacin, abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta lamunce wa mai ajiya a irinsu naira 200,000 ne kacal. Sai bayan shekara guda aka ɗaga shi zuwa miliyan 2. Ranar 3 ga Yunin 2024 kuma aka rufe bankin Heritage, kuma sanarwar da kanta ta nuna cewa Babban Banki ya daɗe yana fama da shugabannin bankin a kan su gyara, ba su gyara ba. Ke nan an sani. Masu sa ido sun sani, shugabannin bankin sun sani. Mai ajiya ne kaɗai ya ci gaba da kai kuɗinsa, yana ganin lasisi a bango yana zaton shaida ce ta lafiya. Wanda ajiyarsa ta wuce naira miliyan 5 da NDIC ta lamunce sai ya koma jiran a sayar da kadarori.

Na san amsar da za su bayar, kuma ba wofi ba ce. Idan aka bayyana cewa banki na tangal-tangal, masu ajiya za su yi rububin kwashe kuɗinsu, ko mai sauran numfashi ya mutu. Na yarda a rufe bakin jaka muddin ana ƙoƙarin ceto. To bayan an soke lasisi fa? Bankin da ya riga ya mutu wane rububi ake jiye masa? A nan sirrin ya daina kare mai ajiya, ya koma kare daraktan da ya ba kansa da 'yan uwansa bashi, da jami'in da ya gani ya kau da kai. Amurka ma dokarta ta ware rahoton binciken bankuna daga abin da jama'a za su iya nema. Duk da haka, da bankin Silicon Valley ya durƙushe a watan Maris na 2023, kafin ƙarshen Afrilu babban bankin ƙasar ya fitar da rahoto har da wasiƙun gargaɗin da ya riƙa aika wa bankin, ya kuma amsa cewa shi ma ya yi sakaci. Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Agustan 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar, ya buga sunayen manyan masu cin bashin da suka durƙusar da su. An yi kururuwa, an je kotu, amma harkar banki ba ta rushe ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011 ta ba kowace hukuma kwana 7 ta amsa buƙata. Gaskiya ne ta ware bayanan bincike da sirrin kasuwanci. Amma ita dai dokar ta ce idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar da ake tsoro, a bayar. Wannan rabin ne hukumomi ke tsallakewa. Wane amfanin jama'a ne ya fi sanin inda tiriliyan guda ta shiga?

Ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN a Kebbi, da lauyoyinmu, da 'yan jaridarmu, su rubuta wa Babban Banki a ƙarƙashin wannan doka su nemi lissafin jihar nan, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: bankunan da kuɗin suka bi, kamfanonin da suka kawo kaya, farashin da aka rubuta wa manomi, da abin da aka biya. Idan an ƙi, Babbar Kotun Tarayya na nan. Sanatocinmu uku su nemi a ajiye rahoton Obazee gaban majalisa. Sanata Atiku Bagudu kuwa, shi ne gwamna ranar da aka ƙaddamar da shirin a garin nan, aka kuma ba shi ministan kasafi a 2023. Shi ya fi kowa cancantar ya fara neman a buɗe littafin.