Wa Ya Ce Bakano Ba Ya Biyan Haraji?

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, tsohuwar maganar nan ta dawo, wai Kanawa ba sa biyan haraji. A makon jiya ma na ji wani mai sharhi a rediyo yana ta nanata ta, yana auna mu da Legas. Hujjarsa ita ce wadda aka saba: a 2023 Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a cikin gida, Kano kuwa ko biliyan 50 ba ta kai ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa magidancin Kano yana cikin sauƙi, lokaci ya yi da za a ƙara masa kaya. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu ban huce ba.

Alƙaluman ba ƙarya ba ne, hukuncin da aka ɗora a kansu ne zalunci. Harajin albashi dokar tarayya ce ke yanka shi, jiha karɓa kawai take yi. Malamin asibitin da ke zaune a Ƙofar Na'isa da takwaransa na Ikeja, in albashinsu ɗaya, mudu ɗaya ake auna musu: naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye a cire kashi 15 cikin ɗari. Kafin albashi ya shigo ma an riga an zare. Harajin kaya na kashi 7.5 da ke kan katin waya bai san Bakano ba, bai san ɗan Legas ba. Abin da ya kumbura asusun Legas shi ne hedikwatocin bankuna da kamfanonin waya da masu ɗaukar albashin miliyoyi da suka taru a can. Mene ne laifin malamin makaranta a ciki?

Ni ma cewa nake yi, a ƙarƙashin wannan doka mutumin cikin birni ya fi ɗan Legas jin jiki. Ranar wata Asabar bayan magariba, yayana ya kira ni soro, ya baza takardar albashinsa a kan tabarma, ya haska fitilar waya.

"Zo ka duba mini nan. An ce akwai rangwame, ni ban ga nawa ba."

"Yaya, ai rangwamen na 'yan haya ne."

Ya yi shiru yana kallon azarar soron da kakanmu ya gina. Tsohon rangwamen da ake yi wa kowane ma'aikaci an soke shi, an kawo na haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira dubu 500. A ɗauki mai albashin dubu 250 a wata, a ajiye lissafin fansho gefe. Idan a gidan gado yake, harajinsa naira dubu 330 ne a shekara. Takwaransa na Legas mai biyan hayar miliyan ɗaya da rabi za a rage masa dubu 45 daga ciki. Sauran rangwamen fa? Akwai na kuɗin ruwan bashin gida, akwai na inshorar rai, abubuwan da yawancin mutanenmu ke ƙyama saboda addini. Na 'ya'ya babu. Na tsohuwa da ƙannen da ake ciyarwa babu. Kwamitin Taiwo Oyedele da ya tsara dokar ya ɗinka riga daidai jikin ma'aikacin banki mai 'ya'ya biyu a bene, aka ce kowa ya saka.

Za a ce ai mai gidan gado ya huta da haya. Mai faɗin haka bai taɓa yin yaɓe kafin damina ba, bai taɓa kwana yana tare yoyo da bokiti ba, bai san gida ɗaya mai bakin ci ashirin ba. Ba zan ɓata takarda a kansa ba.

Ga kuma harajin da ba ya shiga kowane lissafi, wato ruwa. Famfon gidanmu ya daɗe da zama abin rataya tsumma. Kullum da asuba sai an tsaya bakin lungu ana jiran mai kura, a ƙirga jarkoki, a yi ciniki, in ana zafi farashi ya tashi, in man injin burtsatse ya yi tsada ya sake tashi. Ranar wanki sai an ninka. Ranar suna ko rasuwa kuwa, kuɗin ruwa kaɗai ya isa ya karya mutum. Ga matatar ruwa ta Challawa, ga ta Tamburawa, sunayensu kawai muke ji. Bayan ruwa ga kuɗin makarantar kuɗi, don ajin gwamnati ya cika ya batse, ga karo-karon 'yan sintiri, ga na yashe kwata. Duk ayyukan da aka karɓi haraji dominsu ne, mu muke sake biya da hannunmu. Wanda zai auna nauyin jiha da jiha, da wannan ya kamata ya fara.

Ban ce kowa a Kano yana biya ba. Attajirin da tirelolinsa ke sauke kaya a kasuwar Kwari ko Singa ko Dawanau, nasa harajin ƙiyasi ne, ana zama a daidaita, yana da wanda zai kira. Mai teburin ƙofar shagonsa kuma tikiti a kan tikiti. In hukumar tattara haraji ta jiha tana neman giɓin Kano, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ma'aikaci ake komawa kai don shi ne ba shi da wurin ɓuya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda mai sharhin ya ƙare, wai tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 aka lalata Kanawa. Wannan tsohon ƙulli ne na waɗanda har yau ba su yafe wa jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano ba. Harajin da aka soke kuɗin kai ne, wanda ake ɗora wa talaka ko ya yi noma ko fari ya cinye, a bi shi ta hannun dagaci da mai unguwa, a shanya dattijo a rana gaban 'ya'yansa, wani ya sayar da akuyarsa, wani ya gudu ya bar garin. Tsofaffin unguwarmu da suka ga wannan da idonsu suna nan da ransu, a je a tambaye su. Su ne kuma suka ga an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, ginin ɗaruruwan shekaru, da kuɗin jama'a, aka maye ta da siminti, ba tare da an tambayi mai biyan haraji ko ɗaya ba.