Jirgin Gwangwani Ba Shiririta Ba Ne



A hutun bana mu huɗu muka ƙera ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku da gwangwanayen madara da waya. Mun gan shi ne a littafin zane na Tintin, wanda Hergé ɗan Beljiyam ya fitar a 1944. Wani ɗan lakkol ya ara mana. Wasu manya suka ce wai mai hadda ba ya wasan gwangwani. Cikin ladabi, mu dai ba mu yarda ba.

Kowane santimita ɗaya na zanen mun mai da shi huɗu. Hisabin da muke gudu a aji, ga shi mun yi da kanmu! Mun kuma fahimci yadda jirgin gaske yake aiki: tankunansa su cika da ruwa ya nitse, iska ta kori ruwan ya taso.

Jirgin littafin siffar kifi gare shi. Da muka tambayi Malam, ya ce mu bar idanu da haƙora, ƙera abu marar rai ba laifi. Haka muka yi.

Don Allah iyaye, ku bar mu da ƙirarmu bayan an tashi karatu. Haddarmu ba ta ragu ba, ku zo ku saurara. Allah ya sa mu dace.