Kada Guba ta Gaji Fadamunmu

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya leƙa kasuwannin Tambuwal da Kebbe da faɗuwar damina zai ga yadda maganin feshi ya kori fartanya. Ana auna wa manomi maganin ciyawa a kwalba kamar man gyaɗa. In ma akwai takarda a jikin galan, da Turanci take, wanda shi bai iya ba. Mu da aka kashe kuɗin talakawa aka ilmantar, ba mu da hujjar yin shiru.

Daga cikin magungunan ciyawa na duniya akwai wani jinsi da muke kira a rufe masa ƙofa tun bai samu gindin zama ba, watau masu ɗauke da gubar arsenik, irin su MSMA. Yawancin magunguna sukan lalace a ƙasa bayan wani lokaci. Arsenik kuwa ba ya ruɓewa, sai dai ya canza kama, ya zauna a gona ko ya bi ruwa zuwa rijiya. Likitoci sun tabbatar cewa daɗewa ana shan sa yana jawo ciwon daji na fata da huhu da mafitsara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce mikrogiram 10 a litar ruwan sha.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne shinkafa. Da yake cikin ruwa take girma, ta fi sauran hatsi zuƙar arsenik daga ƙasa. Ita ce kuwa dukiyar fadamun gulbin Zamfara, ita ce tuwon gidajenmu. Kada mu manta, irin wannan guba ce sojojin Amurka suka yi ta zuba wa gonakin shinkafar Vietnam tsakanin 1962 da 1971, da sunan Agent Blue, don su hana abokan gaba abinci. Ita kanta Amurka a 2009 ta hana fesa MSMA a ciyawar gidaje, ta taƙaita shi ga auduga da 'yan wurare irin su filayen wasan golf da gefen hanyoyi.

Masu cinikin magani za su ce kuɗin noma ya yi tsada, feshi ne gatan talaka. Mun yarda ƙwadago ya yi tsada. Amma gonar da aka gada daga kakanni ba a sayar da lafiyarta don ribar damina ɗaya. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum sun binne yara fiye da 400 a 2010 saboda gubar dalma, sannan aka zo ana kankare ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma take da alhakin rajistar magungunan gona, da ta haramta duk maganin ciyawa mai arsenik. A wajabta rubuta bayanin kowane magani da Hausa, boko da ajami. A hana sayar da shi a kwalabe marasa suna. Ma'aikatar Gona ta Jihar Sakkwato ta riƙa gwada ruwan rijiyoyi da ƙasar fadama, ta bayyana sakamakon ga jama'a.

Mu kuma, in an yi hutu, kowa ya ɗauki galan ɗin da ke gidansu ya karanta wa mahaifinsa abin da ke ciki.